Khala da Zagin Japananci

A shekarata ta huɗu a Jidda aka kawo mana ita. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, daga Zariya na zo, kuma a lokacin ina aiki a sashen mata na wani ƙaramin asibitin kuɗi a Aziziyya. Larabcina na aiki ne kawai: ɗaga hannu, sauke ƙafa, ina ke ciwo, yi a hankali. Da shi nake lallaɓawa.

Dattijuwa ce 'yar firit, ta haura saba'in, tana kan keken marasa lafiya, 'yarta na tura ta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye wata biyu kafin nan. Da na ga fuskarta na ɗauka mutuniyar Indonesiya ce, don Jidda cike take da su. 'Yar ta ce a'a, 'yar Japan ce. Babansu, Allah Ya jiƙansa, ya je karatu can yana saurayi, ya dawo da takardar shaida da mata. Ta musulunta, ta zauna a Bagdadiyya sama da shekara arba'in, ta haifi 'ya'ya uku, Larabci ya zauna mata a baki har maƙwabta suka manta baƙuwa ce. Ciwon nan ya kwashe Larabcin kaf. Abin da ya bar mata 'yan kalmomi ne na harshen iyayenta, su ma ba ita ke zaɓar lokacin fitarsu ba.

Kowa Khala yake ce mata, yadda ake kiran duk wata babbar mace a garin. Ni ma haka nake ƙoƙarin yi, sai dai bakina ya saba da Baba. Duk tsohuwar da na taɓa yi wa aiki a gida Baba nake ce mata, kuma idan hankalina ya tafi ga aiki sai Hausa ta kufce mini.

Mai taya ni aiki wata nas ce haifaffiyar Jidda, jikar wasu Katsinawa da suka zo Hajji a ƙasa suka zauna. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma Daktora take ce mini ko da na hana ta. Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, amma da ita muke hira in muna aiki, don ta ce da ni kaɗai take samun mai yi mata.

Sati biyun farko lafiya lau. In na lanƙwasa wa Khala gwiwa ko na miƙar mata da yatsu sai ta furta wata kalma da ƙarfi, in dubi 'yar, ita kuma ta yi murmushi ta ce, "Godiya take yi miki." Sai in ce, "Afwan ya Khala, ba komai." Har a raina ina yaba tarbiyyar mutanen Japan, mutum yana cikin ciwo amma bai fasa godiya ba.

Ranar da abin ya faru 'yar ta fita amsa waya. Yaya ta kama hannun Khala na dama ta ce, "Daktora, haza ne hannun da kika ce kafaɗar tana sauka?"

Ina duƙe ina gyara matashi. Na ɗago na dafa kafaɗar, na dubi tsohuwar da murmushi, na ce, "Sannu Baba. Shi ne, shi ne."

Fuskarta ta sauya nan take. Ta zuba mini ido kamar na mare ta. Sai ta sa hannunta mai lafiya ta ture ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta fashe da kuka, irin kukan da ba sauti sai jijjigar ƙirji. Na ɗauka na fama mata kafaɗa. Na shiga ba ta haƙuri, "Baba yi haƙuri, Baba sannu," kukan sai ƙaruwa yake. 'Yar ta shigo da gudu, ta tambaye mu, muka rasa abin faɗa. Ta tura keken suka fita ba a gama aikin ranar ba.

Ba su zo ranar da ke biye ba, ba su zo ta bayanta ba. Na duba takardunta, na sake tuna duk motsin da na yi, ban ga inda na yi kuskure ba. A rana ta biyar 'yar ta zo ita kaɗai, ta zauna a ofishina tana murza bakin mayafi. Malamar makarantar 'yan mata ce, mace mai kamun kai, ta kusa hamsin.

Ta ce, "Duk lokacin da na ce mata za mu asibiti sai ta riƙe gado. Kalma biyu take ta maimaitawa tana nuna ƙofa. Don Allah Daktora, me kika ce mata?"

Na maimaita mata abin da na faɗa. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta rufe baki da hannu.

"A Japananci," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "baba, in aka ja ƙarshensa, tsohuwar banza ke nan. Shine kuwa, mutu. Abin da ta ji kin ce mata, tsohuwar banza, ki mutu, ki mutu. Kuma kina murmushi."

Na yi salati. Jikina ya yi sanyi har tafin ƙafa. Na tuna yadda na bi ta da Baba, Baba, ina ganin rarrashi nake yi.

Washegari bayan la'asar ni da Yaya muka tafi Bagdadiyya. Gidan a hawa na biyu yake na wani tsohon bene mara lif. Muka same ta a kan gado kusa da taga, ta juya mana ƙeya. Tana gane Larabci in an yi a hankali, don haka 'yar ta yi mata bayani, amma ba ta waiwayo ba. Sai na ciro wayata na nemo hoton mahaifiyata tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zagaya na sa mata a gaban ido, na ce, "Baba." Na ɗora wayar a ƙirjina na sake cewa, "Baba. Ummi." Yaya kuwa ta ɗauki kofi ta tambaye ni da Larabci ko wannan ne kofin, na ce, "Shi ne." Ta ɗauki filo, na ce, "Shi ne." Ta ɗauki cokali, ta ɗauki takalmi, har da agogon bango ta nuna, ni kuma ina ta shi ne, shi ne, kamar 'yar aji ɗaya.

Khala ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta dube ni, ta dubi Yaya da takalmi a hannu, ta ce, "Baka."

Na juya ga 'yar. "Wannan na sha jinta. Godiya ce ko?"

Sai 'yar ta zauna a bakin gado ta fara hawaye. Ta ce ba godiya ba ce. Wawa ke nan, ko wawiya. Ta ce duk abin da uwarta ke faɗa tun ranar da ta farfaɗo zagi ne, ba ko ɗaya mai daɗin ji. Matar da tunda suka taso ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba, wadda ko kyanwa ta shiga gabanta haƙuri take ba ta. Kunya ce ta sa take fassara mana ƙarya. Ta hana maƙwabta shigowa dubiya, ta hana jikoki zama a ɗakin. "Abin da ke hana ni sukuni," in ji ta, "kada Allah Ya ɗauki ranta da irin waɗannan kalmomi a baki. Salati nake laƙƙana mata kullum, ba ya fita."

Na faɗa mata abin da na sani daga aiki. Na ga masu wannan ciwo da yawa a gida, har da wani limami da ba abin da ya rage masa sai ashar, iyalinsa suna ta ɓoye shi. Zagi ba inda sauran magana take yake zama a ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa sau da yawa ciwon ke tsallake shi. Na ce mata Allah Ya san halin da baiwarSa take ciki, Shi Ya ɗora mata. Kuma tunda akwai abin da ke fita, to hanyar ba ta toshe duka ba.

Daga nan na roƙe ta abin da ya ba ta mamaki. Na ce ta koya mini kalmomin, duka, da ainihin ma'anarsu. Sati biyu ina murɗa jikin mace ban san ko cewa take na ji zafi, ko ki ƙyale ni, ko na gaji ba. Ba zan iya aiki a haka ba.

Ta ce ita kanta Japanancinta kaɗan ne, da Larabci aka raine su. Amma akwai kawunta, ƙanen Khala, yana can garinsu a bakin teku. Masunci ne kamar mahaifinsu, kuma a wurin irinsu Khala ta ji waɗannan kalmomi tana yarinya, ta haɗiye su shekara sittin ba ta furta ba.

Asibiti ya amince in riƙa zuwa gida sau uku a sati, tunda saukowa da ita daga benen nan sai an nemo maza biyu. Wata Asabar da hantsi muka kira kawun ta bidiyo daga kicin. Tsoho ne mai faffaɗar fuska, rana ta ƙona shi, haƙoransa na gaba biyu babu. Da 'yar ta gaya masa abin da likitar ke so, ya yi dariya har wayar ta faɗi muka koma kallon silin. Da ya ɗauko ta sai ya gyara zama, ya shiga karantar da ni da gaske, yana faɗa, 'yar tana fassarawa fuskarta ja wur, ni kuma ina rubutawa a bayan littafin aikina, kowace kalma da takwararta ta Hausa.

Urusai, kin cika ni da surutu. Jama, kin tare mini hanya. Doke, kauce, irin wadda ake ce wa jaki. Kuso, kashi, abin da mutum ke cewa in abu ya ƙi. Cikusho, asalinta dabba, amma tir ce mai zafi, wadda masunci ke yi in igiya ta tsinke kifi ya tafi. Akwai wata doguwa, yakutatazu, mara amfani. Da na karanto masa ita daga cikin waɗanda na ji a bakin Khala sai dariyarsa ta ɗauke. Ya tambaya wa take ce wa haka. Na ce ban lura ba tukuna. Ya kuma ce itai ba zagi ba ce, zafi ke nan, in na ji ta in sassauta.

Ba zan ɓoye ba, raina bai kwanta da littafin nan ba da farko. A gidanmu ko wawa ka ce wa ƙanenka sai an murɗe maka baki. Ga ni uwar 'ya'ya uku, a ƙasa mai tsarki, ina bitar zagi a cikin mota kamar mai shirin jarrabawa. Na gaya wa Yaya. Ta ce, "Wallahi ya Daktora, ni Hausar da ta fi zama mini daram zagin kakata ne. Shashasha, sakarya, mai kan kwakwa. In na tuna su har ƙamshin ɗakinta nake ji. Halas, rubuta abinki."

Cikin sati guda aikin ya sauya. Na gane urusai ta 'yar ce, in ta cika cewa a hankali Mama, kada ki faɗi Mama. Sai na roƙe ta ta riƙa jiranmu a falo. Na gane itai takan zo ne in na ɗaga kafaɗa sama da wani mizani, na daina wucewa. Cikusho kuwa ba ta fita sai Khala tana iyakar ƙoƙarinta, ta cije, tana neman ɗaga ƙafa. In na ji ta na san mu ci gaba, yau akwai ƙarfi.

Yakutatazu ce ta dame ni. Na sa ido na ga ba kowa take ce wa ba sai hannunta na dama. Takan ɗauke shi da na hagu ta jefar a kan cinya, ta faɗi kalmar, wani lokaci har ta kai masa duka. Rannan da ta yi haka na kama hannun na riƙe a nawa, na girgiza kai, na ce mata da Larabcina na kame-kame, "Wannan hannun ya raini mutum uku. Ba mara amfani ba ne, ya gaji ne." Ba ta ce komai ba. Ba ta daina faɗa ba kuma, amma dukan ya ragu.

A wata na biyu ina ƙoƙarin buɗe ƙarfen da take dafawa ta tsaya, sai ya kufce ya sauka a kan babban yatsan ƙafata. Zafin ya ratsa ni har ka. Ban san lokacin da na ce, "Cikuso!" ba.

Ɗakin ya yi tsit. Sai na ji wani sauti daga gado kamar tari. Khala ce ke dariya, bakinta a karkace, kafaɗarta na rawa. Ta ɗaga yatsa ta girgiza mini. Ta tattara leɓɓanta, ta yi ta kokawa da su, sannan a hankali ta ce, "Ci… ku… sho."

"Cikuso," na sake, da gangan wannan karon.

"Sho!" Ta buga katifa. "Sho!"

'Yar ta leƙo daga falo a tsorace. Na ce ta shigo ta gani. Duk watannin nan kalmomi faɗowa suke yi daga bakin Khala ba da izininta ba. Wannan ce ta farko da ta nema da kanta, ta rarraba ta gaɓa-gaɓa, don tana so ta gyara wa wani. Na kira mai koyar da magana ta asibitinmu tun ina kan matakala, na ce ta zo ta sake gwada ta.

Daga ranar muka samu abin wasa. Kafin mu fara aiki sai in karanto kalma ɗaya daga littafina in ɓata ta, ita kuma ta gyara. In ta gyara sai ta nuna ni da haɓa, wato saura naki. Na ba ta sakarai, ta mayar da shi sakarai tsaf, don ya yi kama da nasu. Shashasha ta fi ba ta dariya, ta kwana biyu tana gwadawa. Ranar da Yaya ta biyo ni ta kuma zubar da ruwan zafi a kan kafet, Khala ta dube ta ta ce, "Sha-sha-sha." Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Allah, sitti ta dawo!" Wato kakarta.

Mai koyar da magana ta bi ta wannan ƙofa. Daga zagi suka koma ƙirge, ɗaya zuwa goma da Japananci, sannan da Larabci. Daga nan sunayen 'ya'yanta, biyu suka fito, na ukun ya ƙi sai bayan wata guda. Ba kullum ake samun ci gaba ba. Akwai satin da ta yi zazzaɓi komai ya koma baya, ta ƙi kallona, ta ƙi tashi, doke kawai nake samu. Na koma gida rannan na zauna a mota a ƙofar gida na kasa fita.

Da azumi ya kama na ajiye littafin, na gaya mata ba zan yi wasan ba sai bayan Salla. Ta gyaɗa kai. Ita ma na ga tana ƙoƙarin danne bakinta, in kalma ta kufce sai ta rufe ido. Wata rana a goman tsakiya na iso da azahar, 'yar ta idar da salla a gefen gadon ke nan, tana zaune tana karanta Fatiha a bayyane don uwar ta ji, yadda ta saba. Tana kaiwa tsakiya sai wata murya ta shiga ƙarƙashin tata, tana tuntuɓe, tana tsallake harafi, amma tana biye. 'Yar ba ta tsaya ba, ba ta waiwaya ba, sai muryarta da ta fara rawa. Suka kai ƙarshe tare. Ni ina bakin ƙofa da jakata a kafaɗa, na ce amin.

Bayan Salla aka buɗe wa maƙwabta ƙofa. Zagin bai tafi duka ba, yakan faɗo in ta gaji, amma 'yar ta daina fassara shi da godiya. Takan ce, "Mama ta ce kun cika surutu," matan su yi dariya su rage murya.

Hannun dama bai dawo ba. Yatsu biyu suka ɗan motsa, suka tsaya a nan. Larabcin ma rabi ya dawo, gajeru-gajerun jimloli, sai ta nemi kalma ta rasa ta yi tsaki. Ƙafar ce ta ba mu haɗin kai. Daga ƙarfen dafawa muka koma sanda mai ƙafa huɗu, daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa kicin. Muka fara matakala, uku yau, biyar jibi, ina gabanta da baya-baya, 'yar na bayanta riƙe da ɗamarar da na ɗaura mata a ƙugu.

Wata safiya, wajen wata goma da fara zuwana, na same ta ta sa abaya tana zaune a falo da sandarta. Ta nuna ƙofa ta ce, "Taht." Ƙasa. Na ce Khala, matakala ashirin da biyu ce fa. Ta ce, "Yalla."

Mun fi minti ashirin muna sauka. A tsakiya ta tsaya ta jingina da bango, gumi na bin wuyanta, na ce mu koma, ta harare ni. Da muka fito titi ta tsaya tana ƙifta ido, iskar teku mai ɗumi na kaɗa mayafinta. Sai ta juya hagu, muka bi ta. Ashe wurin mai gasa tamis za ta, wannan faffaɗan burodin da ake ci da wake da safe, kantinsa na kan kwana. Mutumin yana ganinta ya saki abin da ke hannunsa ya fito yana ta hamdala, yana cewa shekara guda ke nan yana tambayar 'ya'yanta. 'Yar ta buɗe baki za ta yi oda, Khala ta ɗaga mata sanda. Ta dubi mai burodin, ta tattara bakinta, ta ce, "Talata." Ta nuna kanta, ta nuna 'yarta, ta nuna ni.

Da muka dawo gindin bene ta dubi matakalar ta girgiza kai, ta zauna a ta biyu. Muka zauna tare da ita, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta danne burodin da gwiwa ta yaga da hannun hagu, ta miƙo mini, da zafinsa har yana ƙona yatsa. A nan muka karya, masu wucewa suna gaishe ta, tana amsa wa kowa da ka, har rana ta iso inda muke muka fara shirin hawa.